Yadda jitar Agadas ta kai ni wurin Dan Auerbach

Ni tela ne, kuma duk wanda ya taɓa kwanan shago a ɗinkin babbar sallah ya san yadda dare yake yin tsawo. A layin shagunanmu akwai wani dattijo Ba'abzine mai gadi, wanda ba ya rabuwa da butar shayinsa da 'yar rediyo mai cin memori. A 2022, wani dare wajen ƙarfe biyu, na fito in miƙe bayana sai na ji wata jita tana tashi daga rediyon nan, kiɗa mai kaifi, yana zagayawa yana dawowa wuri ɗaya kamar mai jan guga a rijiya. Na tsuguna kusa da gawayinsa na ce, "Baba, wane ne wannan?" Ya miƙo min ɗan kofin shayi tukuna, sannan ya ce, "Bombino ke nan, ɗana. Yaron Agadas ne."

Washegari na sayi data na nemo shi. Sunansa Omara Moctar, da Tamashek yake waƙa, kuma kundin da na ji sunansa Nomad, ya fito a 2013. Abin da ya tsayar da ni shi ne wurin da aka naɗe shi: birnin Nashville na Amurka, a sutudiyon wani Bature mai suna Dan Auerbach, wanda shi ne furodusan aikin. Me ya haɗa Baturen Amurka da kiɗan Abzin? Wannan tambayar ce ta ɗauke ni fiye da shekara guda ina bin sawun mutumin.

An haifi Auerbach a 1979 a garin Akron na jihar Ohio, garin da ya yi suna da masana'antun taya. Shi da abokinsa Patrick Carney suka kafa ƙungiyar kiɗa ta The Black Keys, su biyu rak, shi jita da murya, Carney ganga. Kundinsu na farko, a 2002, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan Carney suka naɗe shi, na uku kuma a cikin wata tsohuwar masana'antar taya da aka daina aiki a cikinta. Daga 2010 zuwa 2011 suka zama manyan taurarin kiɗan rock a duniya. Wannan ɓangaren kowa ya san shi, kuma ban daɗe a kansa ba. Na ji, ya yi min daɗi, jitar tana da ƙara da ƙura. Amma ban sami amsar tambayata a can ba.

Kuskuren da na fara yi shi ne na bar wayar ta zaɓa min. Na rubuta sunansa a YouTube, duk abin da ya fito na danna, wannan daga 2017, wancan daga 2009, na gaba kuma na wani mutum dabam da ya yi wa furodusa. Mako biyu na yi a haka, kaina ya cika da waƙoƙi amma ban fahimci komai ba. Kamar a zube maka hannun riga da wuya da aljihu na kaya goma a tebur ɗaya, a ce ka faɗi wane ne gwanin ɗinki. Sai na ɗauki bayan littafin awo na rubuta ayyukansa bi da bi da shekarunsu, na yanke wa kaina cewa kowane kundi zan ji shi daga farko zuwa ƙarshe, kwana uku a jere, kafin in wuce gaba.

Na fara da Keep It Hid na 2009, kundinsa na farko shi kaɗai, kuma har yau shi ne wanda na fi ƙauna. Ina jiran rugugin jitar lantarki, sai waƙar farko ta zo da jitar katako a hankali, da muryoyin maza biyu a tare, babu ganga ko ɗaya. Na tsayar da keken ɗinki don in ji da kyau. Muryar ta biyu ta kawunsa ce, James Quine. Akwai kuma waƙa a ciki da mahaifinsa ya rubuta. Aikin gida ne, kuma ana jin hakan a cikinsa, irin kiɗan da mutum zai yi idan ba ya tunanin filin wasa mai cin dubban mutane. A tsakiyar kundin jitar tana komawa ƙararta, amma a nan tana da abokan tafiya, jitar bes da ogan, don haka ba sai ta cika kowane gurbi da kanta ba kamar yadda take yi idan su biyu ne kawai. A nan na fara lura cewa mutumin ya iya yin shiru, ya bar wa wani wuri.

Fitowar kundin ta jawo tsamin dangantaka tsakaninsa da Carney, wanda shi ma a shekarar ya haɗa tasa ƙungiyar mai suna Drummer, ya ajiye ganga ya ɗauki jitar bes. Daga baya suka shirya. A ƙarshen 2009 ɗin ma suka fitar da kundin Blakroc tare da mawaƙan gambarar zamani irin su Mos Def da RZA. Na ji shi kwana ukun da na ɗaukar wa kaina, ban sake komawa ba. Ba laifin kiɗan ba ne, kunnena ne bai saba da wannan haɗin ba.

Wanda ya ba ni wahala shi ne Waiting on a Song na 2017. Ranar farko raina ya ɓaci. Waƙoƙi ne masu haske da walwala, da tafi da amshi, kamar na rediyon shekarun 1970, kuma jitar da na biyo ta koma can baya. Na ce a raina mutumin nan ya samu kuɗi ya yi sanyi. Da ba don dokar kwana ukun ba, da na goge shi. A rana ta biyu na je na karanta sunayen waɗanda suka yi kiɗan, abin da ban taɓa damuwa da shi ba a da. Gene Chrisman a kan ganga, Bobby Wood a kan fiyano, dattawan da suka yi wa Elvis Presley kiɗa a Memphis a ƙarshen shekarun 1960. Duane Eddy, wanda jitarsa ta yi tashe tun shekarun 1950. John Prine, wanda suka rubuta waƙar da aka sa wa kundin sunanta tare. Makaɗin jita Mark Knopfler ma ya sa hannu a waƙa ɗaya. Sai abin ya sauya min fuska. Mutum ne da ya tara iyayen gidansa a sana'a a ɗaki ɗaya, ya zauna a cikinsu a matsayin ƙarami. Ni ma na yi zaman koyo a gaban maigidana shekara shida, na san ba a ɗaga murya a irin wannan wurin. Har yanzu ba shi ne zaɓina ba, amma na daina ganinsa a matsayin rauni.

The Arcs kuwa wata duniya ce. Ƙungiya ce da ya haɗa da abokansa, cikinsu akwai Leon Michels da Richard Swift, suka fitar da Yours, Dreamily a 2015. Kiɗa ne na dare, mai hazo-hazo, da muryoyin wata ƙungiyar mata masu kiɗan mariachi, wato kiɗan gargajiyar Mexico, daga New York suna amshi. Swift ya rasu a 2018 yana da shekara 41. Ina tsakiyar wannan bincike nawa, a watan Janairun 2023, sai kundinsu na biyu ya fito, wanda akasarinsa an naɗe shi tun Swift yana raye. Na ji shi da sanyin safiya cikin hunturu, ina sane cewa ɗaya daga cikin masu buga gangar nan ba ya duniya, kuma waɗanda suka rage sun riƙe aikin shekaru kafin su iya sakinsa.

Amsar tambayata ta farko ba ta cikin waɗannan duka. Tana baya, a wurin wani tsoho na arewacin jihar Mississippi mai suna Junior Kimbrough, wanda ya rasu a 1998. Kiɗansa ne ya juya Auerbach tun yana saurayi, har The Black Keys suka yi ɗan ƙaramin kundi a 2006 na waƙoƙinsa zalla, suka sa masa suna Chulahoma, sunan ƙauyen da Kimbrough yake da gidan rawa. A ƙarshensa an sa saƙon murya da matar marigayin ta bar musu a waya tana yaba musu. Da na nemo Kimbrough kansa na saurara, tsigar jikina ta tashi. Blues ɗinsa, wato tsohon salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, ba ya yawan sauya sauti. Yakan kama zare ɗaya ya yi ta juya shi, babban yatsa yana riƙe da tsirkiyar ƙasa, sauran yatsun suna yawo a sama, har sai ka manta tun yaushe aka fara. Duk wanda ya tashi yana jin gurmi ko molo ba zai ji wannan baƙo ba. Kunnen da ya girma a kan Kimbrough, ranar da ya ji Bombino ba ya bukatar tafinta.

Daga nan na daina kallon Auerbach a matsayin makaɗin jita kawai. A 2013 ya karɓi kyautar Grammy ta furodusan shekara, kuma kundin da ya yi wa mawaƙi Dr. John na New Orleans ya ci kyautar blues a wannan bikin. A kamfaninsa Easy Eye Sound ya ɗauko Robert Finley, kafinta daga Louisiana wanda idanunsa suka mutu, ya fitar masa da kundi a 2017 yana da shekara sittin da 'yan kai. Idan ka ji muryar Finley za ka yi mamakin yadda aka bar ta a ɓoye duk tsawon shekarun nan.

Ba kowa ne ya yarda da hannun Auerbach ba, kuma Baba mai gadi na cikin waɗanda ba su yarda ba. Da na gaya masa wanda ya naɗi Nomad, sai ya ce shi dama ya fi son kundin Bombino mai suna Agadez na 2011. "Baturen ya cika masa kaya," in ji shi, yana nufin ogan da sauran kayan kiɗan da aka ƙara. "A gida jita ce da tafi, sai iska." Ya kuma fassara min wasu baitoci, na gane rabin abin da ke cikin waƙoƙin, kewar gida da kiran haɗin kai, ya wuce ni duk tsawon watannin da nake kaɗa kai. Na koma na ji kundayen biyu a jere. Yana da gaskiya a kan iskar, a Agadez akwai fili a tsakanin sautuka wanda babu shi a Nomad. Ni dai har yau ina son yadda jitar take cizo a Nomad, kuma ta nan ne mutane da yawa a waje suka fara jin sunan Agadas.

Wani dare na kawo masa wayata na kunna masa Kimbrough ban ce komai ba. Ya ci gaba da fifita gawayi, ya ɗaga buta sama ya tsiyaya, ya mayar. Waƙar ta kusa minti bakwai, bai yi magana ba sai da ta ƙare.

"Wannan na wane gari ne?"

Na ce, "Amurka, Baba. Ya rasu tuntuni."

Ya ɗan yi shiru, sannan ya zare memorin daga rediyonsa ya miƙo min. "Sa min shi a nan, ɗana. Duka."