Wayar da ta hana makunnina aiki a a-kori-kura

Motar Peugeot 504 ce, a-kori-kura, irin haɗin Kaduna, kuma kowa ya san makullin waɗannan motoci ya gama cinyewa, na wata ma sai ya buɗe ta. Shi ya sa na ce bari in ɓoye mata makunni, ɓarawo ya yi ta kik har ya gaji.

Duk wanda na tambaya sai ya ce in yanke wayar famfon mai. Wace waya? Famfon man wannan mota a jikin inji yake, injin ne ke motsa shi, ba ruwansa da lantarki. Ko da akwai ma, man da ke cikin kafireto ya isa ya fitar da mota daga layi. Saura kwayil ke nan, wanda ke ƙara ƙarfin wutar batir don fulogi ya yi tartsatsi.

Kada ka dogara da launin waya a motar da ta ratsa hannun masu rewaya shekara da shekaru. Ja a nan, ka bi ta ƙarƙashin salatif ta koma kore. Da ƙwan fitila mai waya biyu na yi aiki: ɗaya a jikin mota, ɗaya ina taɓa wayoyin ƙarƙashin sitiyari. Wadda ke kawo wuta in an murɗa makulli, ta ɗauke in an kashe, na bi ta har kan kwayil wajen alamar +. Na yanke, na sa makunni, na ɓoye shi, na mai da komai.

Na kashe makunni, na murɗa makulli don gwaji. Mota ta tashi garau, kamar tana yi mini dariya.

Ashe wani mai rewaya, Allah kaɗai ya san a hannun wa motar take lokacin, ya jawo wata waya daga akwatin fis kai tsaye zuwa kwayil, ya cusa ta cikin tsohon kunshin wayoyi ya naɗe. Ƙila ta ainihin ce ta taɓa ba shi wahala, maimakon ya gyara sai ya yi mata kishiya. Sai da na warware salatif ɗin nan mai danƙo, hannu baƙi ƙirin, wuni ya tafi, kafin na gan ta. Har yanzu in na tuna raina sai ya ɓaci. Da a bakin kwayil ɗin na fara ƙirga wayoyi, da tuni na gama.

Amma wayar nan ta tuna mini abu: abin da mai rewayan ya yi shi ne ɓarawo zai yi, ya ɗaga bonet ya jawo wuta daga batir. Don haka na koma ɗaya gefen kwayil, wanda ke tafiya distiributa mai rarraba wa fulogi wuta. Na jona siririyar waya a nan, ta bi ta makunni ta ƙare a jikin mota. In makunnin ya haɗa, kwantak ɗin cikin distiributa, mai haɗa wuta yana yankewa, ya buɗe ko ya rufe duk ɗaya ne, tartsatsi ba zai je fulogi ba, ko daga ina aka kawo wutar.

Illarsa ɗaya: in ka bar makulli a kunne makunnin na haɗe, kwayil zai yi ta ɗaukar zafi har ya ƙone. Kuma ka lulluɓe wayar sosai inda ta ratsa ƙarfe, don in ta goge ta taɓa jiki, kana tsakiyar hanya mota za ta mutu.

Inda na ɓoye makunnin kuwa, ko yaron motata bai sani ba.