Jerin Fitilun da Auta Ya Gani

Asabar, da dare.

Ban gama wartsakewa ba da safe Auta ya faɗo mini ɗaki da waya a hannu, ko sallama bai ƙarasa ba. Wai jiya bayan magariba ya ga baƙi daga wata duniya. Ya turo mini wayar har bakin hanci. Bidiyon bai kai rabin minti ba, hoton sai rawa yake yi: sama baƙi ƙirin, ga wasu ɗige-ɗigen haske a jere kamar an miƙe carbi, suna tafiya a natse, babu ƙara, babu ƙyaftawa. Can ƙasa-ƙasa ana jin muryarsa yana ta salati.

Ban kalla har ƙarshe ba na ce masa haɗi ne. Ya ce shi da hannunsa ya ɗauka. Na ce to jirage ne.

"Yaya, jirage kusan talatin a layi ɗaya, kuma ba wanda ke ƙara? Kuma wallahi wuri ɗaya suke zuwa su ɓace, ɗaya bayan ɗaya, kamar akwai ƙofa a wurin."

Na ce ya ba ni wuri. Ya fita yana ƙunƙuni.

Sai da na zauna ni kaɗai abin ya tsaya mini a rai. Cikin minti ɗaya na ba yaron nan amsa biyu da ba sa zama inuwa ɗaya, kuma ba wadda na bincika. Ni da nake yi wa mutane kallon masu saurin yarda da ƙanzon kurege. Shi aƙalla ya ɗaga kai ya ga wani abu. Ni ko kallo ban yi ba, na yanke hukunci.

Da hantsi na kunna kwamfuta, kuma binciken bai ba ni wahala ba. Taurarin ɗan'adam ne na Starlink, na kamfanin SpaceX, waɗanda ke raba intanet daga sama. Tun watan Mayun 2019 da aka harba sittin na farko a roka ɗaya, mutane a ƙasashe da dama suke ganin irin wannan jeri suna zaton abin da Auta ya zata. A dunƙule ake sakinsu, shi ya sa a kwanakin farko suke bin juna, kafin kowanne ya haura zuwa mazauninsa mai nisan kilomita 550 ko kusa da haka, su warwatse. Hasken ma ba nasu ba ne. Mu a ƙasa rana ta faɗi, amma su can sama tana dukansu har yanzu. Ƙofar da Auta ya gani kuwa inuwar duniya ce: duk wanda ya iso bakinta sai hasken rana ya yanke masa, ya dushe. Wannan bayanin ya fi komai burge ni, domin yaron ya lura da abin daidai, fassarar ce kawai ta kuɓuce masa.

Na kira shi bayan azahar na nuna masa. Ko gezau.

"Abin da suke so ki yarda da shi ke nan. Ba su yi ƙarya a Roswell ba?"

Nan fa ya kama ni, domin sun yi. A watan Yulin 1947 sojojin Amurka a garin Roswell na jihar New Mexico sun fitar da sanarwa cewa sun tsinci wani faifai mai tashi, nan da nan kuma suka janye suka ce balan-balan ɗin auna yanayi ce. Sai a 1994 rundunar sojan sama ta bayyana cewa tarkacen na wani shirin sirri ne mai suna Mogul, na manyan balan-balan ɗauke da na'urorin sauraro don jiyo gwajin makaman nukiliyar Tarayyar Sobiyet. Na ce masa e, sun ɓoye wani abu. Amma wanda aka kama yana ɓoye leƙen asiri, leƙen asiri aka kama shi da shi. Gawar baƙin halittu da wasu ke cewa an tsinta a wurin kuma wata tuhuma ce daban, tana buƙatar tata shaidar.

Ya koma kan Blue Book, binciken da sojan saman Amurka suka gudanar daga 1952 zuwa 1969 kan baƙin abubuwan da mutane ke cewa sun gani a sama. Rahotanni 12,618 aka tattara, 701 suka rage ba a gano ko mene ne ba. Auta ya maƙale wa 701 ɗin nan kamar kaska. Ni kuma na ce ya dubi sauran dubu goma sha ɗaya da ɗari tara da 'yan kai: taurari, jirage, balan-balan, gajimare. Mun fi awa a kan kalma ɗaya. Shi in ya ji "ba a gano ba", kunnensa "baƙi ne" yake jiyo masa. Na ce in aka ƙwanƙwasa ƙofa da dare, aka buɗe ba a ga kowa ba, abin da aka sani shi ne ba a ga kowa ba. Ya ce ni dai ba na so a ce akwai su.

Wannan kuma bai yi mini adalci ba. Ina so, sosai ma. An riga an tabbatar da duniyoyi fiye da 5,000 masu kewaya wasu taurari, kuma zan yi mamaki in a ce duk faɗin nan mu kaɗai ne ke numfashi. Sai dai kasancewarsu daban, zuwansu nan daban. Tauraro mafi kusa da ranarmu, Proxima Centauri, haskensa kan yi shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya iso mu. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana cin kilomita 17 a daƙiƙa guda, amma da can ya nufa sai ya haura shekara 70,000 a hanya. Wanda ya iya keta wannan tazara, a ce ya iso ya tsaya yana wasan ɓuya da kyamarar waya mai rawa? Ban ce ba zai yiwu ba. Na ce a kawo abin da ya fi ɗigon haske.

Labarin da ya sa shi dariya, karo na farko yau, na Parkes ne. Wani ƙaton faifan sauraren sararin samaniya ne a Ostireliya, faɗinsa mita 64. Tun daga 1998 masana ke tsintar wani gajeren sigina mai ban mamaki a bayanan da yake naɗa. Jefi-jefi yake zuwa, kuma ya fi yawa da tsakar rana. An zargi walƙiya, an zargi yanayin sama. Shekara 17 ana wannan. A 2015 aka gano mai laifin: na'urar ɗumama abinci ce ta ma'aikatan wurin. In mutum ya ƙosa ya buɗe murfinta kafin ta tsaya, sai wani ɗan sigina ya fice, faifan ya cafke. Tsakar rana kuwa lokacin hutunsu ne. Abin da nake so a labarin shi ne ba su tsaya a zato ba, sai da suka je suka riƙa buɗe murfin da gangan suna duba ko siginar za ta dawo. Ta dawo.

Akwai kuma wanda ya ɓulle ta wata hanya. A 1967 wata ɗaliba a jami'ar Kambirij ta Ingila, Jocelyn Bell, ta ga sigina mai bugawa duk bayan daƙiƙa ɗaya da ɗigo uku, daidai kamar agogo. Da wasa suka laƙaba masa sunan ƙananan korayen mutane. Da ta sake samun irinsa a wani ɓangaren sama daban, zancen baƙi ya faɗi, aka gane wani sabon nau'in tauraro ne mai juyawa da tsananin gudu wanda ba a taɓa sani ba. Da an yi saurin cewa baƙi ne, ko an yi saurin cewa na'ura ce ta lalace kamar yadda na yi da safe, da an yi asararsa.

Daga nan muka ƙulla yarjejeniya. Akwai manhajar da ke lissafa lokacin wucewar taurarin ɗan'adam, ta ce jerin zai sake bi ta kanmu yau da ƙarfe 7:24, daga yamma ya nufi gabas. Na ce in ya zo a wannan mintin ta wannan kusurwar, to abin da mutane suka harba ne suka san jadawalinsa. In bai zo ba, ni zan janye maganata. Ya ce ya yarda.

Tun bakwai da kwata muna tsaye a waje, wuya a sama. Gaskiya gabana ya ɗan faɗi, domin akwai siririn gajimare a yamma, kuma na san in ba mu ga komai ba Auta zai shekara yana yi mini gori. 7:23, shiru. Sauro ya samu ƙafata. Sai ya damƙi hannuna.

Ga su nan. Na farko ya ɓullo, na biyu na biye da shi, sai layin ya miƙe. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta jiya faɗi, in ji shi. Na fara ƙirga na ɓace a ashirin da wani abu. Na san sunan kamfanin, na san nisan, na san komai, amma tsigar jikina sai da ta tashi. Da suka wuce tsakiyar sama sai na gaba ya yi ja-ja ya mutu, na bayansa ya iso daidai wurin shi ma ya mutu, haka har na ƙarshe.

Auta ya daɗe bai ce uffan ba. Na ga alamar an ƙwace masa wani abu, har ya ba ni tausayi. Can ya ce, "Amma dai Yaya kin yarda ba haɗi ba ne."

Na ce na yarda, ya yi haƙuri.

Ya nuna wani haske mai ƙarfi can ƙasa a yamma, wanda ba ya motsi. "Wancan fa?"

Na buɗe baki zan ce Zara ce, sai na miƙa masa wayar na ce ya duba mana. Manhajar ta ce gobe ma jerin zai wuce, amma ƙasa-ƙasa kuma da rauni. Ya ce zai zo da abokansa biyu da suka rantse jiya, kuma wai kada in gaya musu komai sai sun gama salati.