Yadda nike dafa siro da haɗa koktel marar giya a Yamai

Har yanzu in na ce ma mutum koktel nike yi sai in ga fuskarshi ta canza, don shi a kanshi koktel giya ce. To ni ko ɗigo bai taɓa shiga kwalbata ba kuma in sha Allahu ba zai shiga ba, kai rabin wahalar sana'ar ma wajen tsare abin sha ne kar ya juya da kanshi, yanzu zan yi bayani.

Ni ƴar Tawa ce aure ya kawo ni Yamai, na fara da bisap, zoɓo kenan, da ruwan citta cikin leda kamar kowa, firigo guda a zaure, yara na zuwa da dala biyar dala goma. Sai wata Hajiya ta ba ni odar bikin ɗiyarta, kwalba 300, cikin watan Afrilu, kun dai san Afrilun Yamai zafi har ya kai 45. Na kwana ina dafawa na ɗura na jera, da rana wuta ta tafi ba ta dawo ba sai tsakar dare. Da safe na taɓa kwalba na ji ta yi tauri kamar dutse, ina murza marfin sai fuuu, kumfa har bisa zanena, ga wani tsami-tsami na tashi. Na tafi gidanta jikina na rawa na ce Hajiya ki yi haƙuri abin nan ba zan ba baƙinki shi ba. Ta dube ni ta ce ɗiyata Allah shi yi miki albarka da ba ki ɓoye ba, amma kuɗina fa? Na biya, wata uku ina biya.

Daga baya ne wata maƙwabciyata malamar makaranta ta warware min abin. Ta ce yis ɗin nan da ake sa ma burodi akwai irinshi a iska da jikin ƴaƴan itace, in ya samu ruwa mai sukari kaɗan ga zafi sai ya kama cin sukarin yana fidda iska da giya, shi ya sa kwalba ke kumbura. Ranar ban yi barci ba wallahi, ashe in ka yi sakaci za ka iya saida ma musulmi abin da ya fara juyawa ba ka sani ba. Ita ce kuma ta ce in sukari ya yi yawa sosai yis ba ya iya aiki ciki, kamar dai zuma da ke daɗewa ba ta lalace ba. Tun daga nan na bar ajiye jus na koma siro, wato ruwan sukari mai kauri, ba na sirkawa da ruwa sai lokacin sha.

Ma'aunina kofi biyu na sukari kofi guda na ruwan abin da na jiƙa. Kofi guda-guda ma yana yi amma wanga sai firigo kuma ba ya jimawa, ga wutarmu yadda take. Kwalba ta gilas nike so, in tafasa ta da marfinta in ɗura siron da zafinshi in rufe. Kowace kwalba ina liƙa mata takarda da ranar da anka dafa.

Bisap shi ne ya fi ba ni wahala kafin in gane halinshi. Mutane na barin shi bisa wuta yana ta tafasa har ya yi baƙi ya yi bauri, ni kuwa ruwan nike tafasawa in sauke sannan in zuba shi, bayan na wanke mishi ƙasa sau uku don bisap ɗin kasuwa akwai rairayi, in rufe minti 20 in tace da farin ƙyalle. Ba na yi cikin tukunyar dalma, tsamin yana cin ta, ta silba mai ƙyalli na saya musamman. Kuma don Allah masu sa kanwa wai ta kashe tsami ku duba kalar, ja ne ke komawa wani duhu-duhu. Lemun tsami kaɗan shi ke fito da jan ya yi kyau cikin kofi. Kanumfari ƙwaya biyar ya isa lita guda, in ya wuce nan sai ka ji kamar maganin haƙori.

Citta ɗanya daga Najeriya take zo mana, ta kudancin Kaduna, tana da yaji ƙwarai. Ita ba na dafa ta da yawa, gurzawa nike in matse in bar ruwan ya kwanta, za ka ga wani farin gari ya zauna ƙasa, sai in tsiyaye na sama. Kar a haɗa ɗanyen ruwanta da madara, tsinkewa take yi. Ɓawon lemu ma ban zubarwa, ina fere koren kawai ban da farin don shi ke da ɗaci, in cuɗa da sukari in rufe ya kwana, da safe sukarin ya jawo man ɓawon ya jiƙe, ƙamshin nan babu arom ɗin kanti da ya kai shi. Tsamiya da ƴaƴan kuka jiƙo ne kawai da tacewa, ba su da rigima.

Wurin biki ko walima muna kafa tebur ni da yarana biyu, kwalaben siro a jere, ƙanƙara cikin kula, ruwa mai gas, a haɗa ma mutum gabanshi. Wanda ya fi tafiya shi ne bisap da citta da na'a-na'a, cokali biyu na bisap guda na citta, a murje ganyen da hannu kawai, in an daka shi ɗaci yake yi. Ni dai a bakina tsamiya da dabino da ɗan masoro ta fi, da azumi ita ake fara ƙarewa. Akwai na kuka da madara da vani da yara ke so. Na gwada na goriba sau uku har yanzu bai kai yadda nike so ba, ƙamshin na ɓacewa in ya ji wuta, ina nan kanshi.

Riba akwai Alhamdulillahi amma sukari ke cinye ta, buhu na tashi ba zan iya tada farashi kullum ba, ga kwalbar gilas da wuyar samu sai na bi kasuwar Katako ina tsinta, shi ya sa duk wadda ta maido min kwalba ina rage mata dala ashirin. Wasu na cewa in sa kala da garin jus ɗin leda zai fi arha, na ƙi, don matan da ke saye wurina ƙamshin ainihi sunka biyo.

Jibi ina da suna a unguwar Talladje mutum 150, an ce bisap da tsamiya kawai. Tsamiyar na jiƙe a roba yanzu haka, mai ƙanƙara kuma ya ce in aiko yaro tun ƙarfe 6.