Allurar zafi ta kusa sa in sauke inji

Mako uku allurar zafin inji a motata ta yi tana hana ni sukuni. Na ɗauko lodin dankali daga Jos, ina gangarowa Hawan Kibo, sai na ga ta haye ja. Gabana ya faɗi. Na faka gefe, na jira ya huce, na duba lagireto: ruwa cike, fanka na juyawa, ko ɗigon yoyo babu.

Bakanike na farko ya ce gasket ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, a sauke kan inji. Hankalina bai kwanta ba, na kai wa wani dattijo mai gyaran wayoyin lantarkin mota. Ya ce, "Direba, kar ka taɓa injin nan tukuna." Ya bi wayar sensa, wato na'urar da ke auna zafin inji, da yatsa har ya kai inda robarta ta goge, tana taɓa jikin ƙarfe. Da ta taɓa, allura sai ta tashi sama ko inji na sanyi.

Ya canza wayar, ya goge tsatsar wayar ƙasa, wato wadda ke haɗe da jikin ƙarfen mota. Yanzu allura na zaune wajen digiri 85, har da lodi a hawa. Alhamdulillahi. Baba, Allah ya saka da alheri.