Ranar da aka kashe intanet a Sudan, ƙafa ce ta kai saƙo

A majalisarmu ta bayan Isha'i har sun gaji da ni, don duk sanda aka fara cewa talaka ba shi da yadda zai yi da mai mulkin danniya, sai na ɗauko zancen 30 ga Yunin 2019.

Omar al-Bashir ya karɓi mulkin Sudan a 1989, ya faɗi ranar 11 ga Afrilun 2019, bayan wata huɗu ana zanga-zangar da ta yi ƙarfi daga garin Atbara lokacin da kuɗin burodi ya ninka sau uku. To amma janar-janar ɗinsa ne suka gaje kujerar, jama'a kuma suka ƙi tashi daga ƙofar hedikwatar soja a Khartoum. Da asubahin 3 ga Yuni, ana dab da ƙaramar Sallah, dakaru suka afka musu. Likitoci sun ce an kashe fiye da mutum 100, har daga kogin Nilu aka riƙa tsamo gawa. Aka kuma katse intanet na tsawon makonni.

A lissafin sojoji an gama ke nan. Sai ga shi ranar 30 ga wata mutane sun cika titunan Khartoum da Omdurman da sauran garuruwa maƙil, ba Facebook, ba WhatsApp. Wa ya kira su? Kwamitocin gwagwarmaya na unguwanni. Gida-gida suka bi, suna raba takardu, suna rubutu a bango, suna ɗan gangami da dare a lungu. Cikin 'yan kwanaki sojoji suka dawo kan teburin sulhu.

Ƙanen matata ya yi karatu a can, kamar ɗaliban Najeriya da yawa. Abin da ya fi riƙe wa na yaran kwamitin unguwar da ya zauna shi ne gidan burodi. A lokacin gwamnatin riƙon ƙwarya ta soja da farar hula da aka kafa bayan sulhun, su ne ke tsayawa su ƙirga buhunan fulawar tallafi don kada a karkatar da ita, su tsara layi, su san gidan da tukunyar gas ba ta kai ba. Yaron da ya tsaya miki kika samu burodin kari, in ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce gobe a fito, ai za ki saurare shi. Nan ne nake ganin mu muke da rauni: mun iya kiran fitowa ta waya, amma mai kiran bai san sunan maƙwabcinsa ba.

Kuma ba su da shugaba guda da za a kama ko a saye da muƙami. Kowace unguwa da nata kwamitin, sai su haɗu su daidaita rana da hanya. Shi ya sa da Janar Burhan, shugaban sojan ƙasar, ya yi juyin mulki ranar 25 ga Oktoban 2021, 'yan siyasa suna ta ciniki, su kuwa suka kafe a kan abu uku: ba tattaunawa, ba raba mulki da soja, ba halasta juyin. Ni dai har yanzu ina ganin wannan kafewar ta hana su kujera a wurin da ake yanke hukunci, ko da yake da wuya ka zargi wanda ya binne abokinsa don ya ƙi zama da makashinsa.

A majalisa kullum akan ce min, to ina nasarar? Ai yaƙi ne ya biyo baya. Gaskiya ne, ranar 15 ga Afrilun 2023 soja da dakarun RSF, rundunar kar-ta-kwana da suke mulki tare da ita, suka juya wa juna bindiga, kwamitin unguwa kuma ba ya tare jirgin yaƙi. Sai dai da ma'aikatun gwamnati suka watse, ƙungiyoyin agaji na waje suka kwashe ma'aikatansu, waɗannan matasan ne suka buɗe ɗakunan agajin gaggawa, suka ɗora manyan tukwane ana dafa wa unguwa abinci, suka riƙa nemo likita da magani. Aikin gayya sak. Sojan da RSF, duk da gabar da ke tsakaninsu, kowanensu ya kama masu wannan aikin, wasu ma an kashe su.