Watanni tara kafin goshina ya sake taɓa ƙasa

Sarin kaya ya kai ni Turkiyya a watan Janairun bara, kamar yadda na saba zuwa sau biyu a shekara domin kawo tufafin yara da nake sayarwa a nan Legas. Da muka gama hada-hadarmu a Santambul, wani abokin cinikina ya ce mu je Bursa mu hau dutsen Uludag, wanda tsayinsa ya haura mita 2,500, mu ga yadda mutanen can suke zamiya a kan dusar ƙanƙara. Ni da aka haifa a Kano kuma na girma a Agege, ban taɓa taka ƙanƙara ba sai ranar. An ɗaura mini dogayen allunan da ake zamiyar da su a ƙafa, an nuna mini yadda ake haɗa gabansu domin rage gudu, na yi sauka biyu lafiya. A ta uku ne allon dama ya kafe, jikina ya juya, takalmin kuma ya riƙe idon sawuna gam, sai ƙashin ƙwaurina ya karye daga saman bakin takalmin. Daga baya likita ya bayyana mini cewa irin wannan karaya sananniya ce a wasan, domin takalmin yana da tauri, ƙarfin murɗawar sai ya sauka a kan ƙwauri.

An yi mini tiyata a can, aka zura dogon ƙarfe cikin ƙashin ta ƙasan ƙoƙon gwiwa, aka ɗaure shi da kusoshi sama da ƙasa. Kafin in hau jirgin dawowa, tafiyar kusan awa bakwai, sai da aka ba ni allurar hana daskarewar jini, saboda dogon zama bayan tiyata yana iya sa jini ya dunƙule a jijiyar ƙafa.

Gidanmu hawa na biyu ne, kuma makonni shida na farko ban sauko ba sai ranar ganin likita. Yara biyu daga shagona suke tallafa ni a matattakala. 'Yan dubiya kuwa ba su yanke ba, daga masallacin unguwa, daga kasuwa, kowa da "Allah ya sa kaffara ne", kuma kusan kowa da sunan mai ɗorin da ya sani. Hajiyata ta kira daga Kano ta ce, "Ka taho gida a duba ka, mu da muke da masu ɗori tun kaka da kakanni." Na ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri, akwai ƙarfe a cikin ƙafar, idan aka ja ta ko aka murɗa za a ɓata aikin." Ba raina sana'ar nake yi ba, domin na ga waɗanda aka ɗora suka miƙe, amma ƙashin da aka riga aka daidaita da ƙarfe lokaci yake buƙata da motsa jiki bisa ƙa'ida.

Abin da ya fi damuna shi ne sallah. Limaminmu ya tuna mini hadisin Imrana ɗan Husaini, wanda aka ce masa ya yi sallah a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kwance a gefensa. Na san hukuncin, kuma na yi aiki da shi, amma duk lokacin da sahu ya faɗi sujada ni ina kan kujera a ƙarshen layi, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

A wata na huɗu hoton ƙashi ya nuna karayar ta haɗe, na ɗauka an gama. Ashe cinyata ta motse har wandona ya fara yi mini yawa a gefe guda, gwiwar kuma ta ƙi lanƙwasuwa. Ma'aikaciyar gashin ƙashi da nake zuwa wurinta sau biyu a mako, wata Bayarabiya mai haƙuri, takan auna lanƙwasar da ma'auninta ta rubuta. Ta ce tafiya ba ta buƙatar lanƙwasa mai yawa, hawan matattakala ya ɗan fi, amma zaman tahiya sai gwiwa ta naɗe kusan gaba ɗaya. Ta kuma faɗa mini gaskiya cewa masu irin wannan ƙarfen da yawa suna jin ciwo a gaban gwiwa idan sun durƙusa. Na ce mata zaman tahiyar nake so, sai ta ce, "To Alhaji, shi za mu sa a gaba." Zuwa wurinta ma aiki ne, musamman da damina ta sauka, ga cunkoson Oshodi, ga ƙasa mai santsi da sandar dogarawa ba ta kamawa.

A watan Oktoba, a sallar asuba a ɗakina, na ninka bargo a ƙarƙashin gwiwa na sauka a hankali har goshina ya taɓa darduma. Tashi ya yi wuya, sai da na dafa gado. Har yanzu ina miƙe ƙafar dama kaɗan a zaman tahiya, kuma likita ya ce sai an sake ɗaukar hoto a ƙarshen shekara kafin a yi maganar ko za a cire ƙarfen.