Ƙurar Zariya a cikin injin Ingila

Shekarata ta farko a York, ba sanyi ne ya fi damuna ba, shiru ne. A watan Disamba ana kiran magariba kafin ƙarfe huɗu. In taso daga aikin dare a gidan kula da tsofaffi, in kwanta, in farka duhu ya sake rufewa. Maƙwabta mutanen kirki ne, amma gaisuwarsu murmushi ne da ɗaga hannu, babu mai tsayawa ya tambaye ka gajiya.

A ƙasan akwatina akwai gwangwanin biskit da Inna ta cusa ranar da zan taho. Kawunan jirgin ƙasa ne na wasa guda uku da taragai biyar, ƙirar kamfanin Tri-ang, daga masana'antarsu ta garin Margate a Ingila. Baba, Allah ya ji ƙansa, fita ne, wato makanikin jirgi, a Reluwe ta Zariya, a hannun wani Bature mai komawa gida ya saye su. Muna yara a Sabon Gari, sai ran Juma'a bayan la'asar yake shimfiɗa mana layin a kan tabarma. Ranar da na'urar ba su wuta ta ƙone, wasan ya tsaya, shekara talatin ke nan da 'yan kai.

Wata Asabar na je gidan tarihin jiragen ƙasa da ke bayan tashar York, shiga kyauta. Na daɗe a gaban Mallard, shuɗin kan jirgin da ya yi gudun mil 126 a awa a 1938, ina tuna Baba da baƙin mai a farcensa. Na dawo gida na buɗe gwangwanin.

Ina kakkaɓe su a bakin ƙofa sai dattijon da ke gidan kusa, wanda wata takwas ba mu wuce murmushi ba, ya tsaya cik. Ya ɗauki baƙin kan jirgin, mai suna Princess Elizabeth, ya juya cikinsa, ya ce irinsa aka saya masa yana yaro. Washegari ya kira ni rumfarsa ta bayan gida.

Da muka kwance murfin, jar ƙura ce ta zubo a kan farar takarda, ƙurar hunturun Zariya. Na yi shiru, shi ma bai ce komai ba.

Injin ɗan mitsitsi ne, X.04 suke kiransa, wutar bolt 12 yake ci. Tsohon giris ya daskare kamar ƙaro, sai da muka kankare shi da tsinken sakace. Gawayin nan biyu da ke gogar tagulla su kai wuta sun cinye, muka sa sababbi. Ya hana ni zare maganaɗisun, ya ce da zarar ya rabu da ƙarfen da ke riƙe da shi ƙarfinsa zai ragu. Mai kuwa ɗigo ɗaya a bakin allura, in ya yi yawa ya jiƙa tagullar sai hayaƙi. Nan na ji muryar Baba, don shi ma haka yake yi wa yaransa faɗa a kan mai.

Mako uku muka yi. Ranar da muka ɗora shi a layi ya yi gurnani, ya girgiza, sannan ya tashi, da ƙaurin nan na mai da wuta wanda hancina bai manta ba. Na ɗauki bidiyo na tura wa Inna. Ta aiko da saƙon murya: “Ɗan nan, jirgin babanku ne yake tafiya?”

Yanzu duk Talata da daddare muna tare da tsofaffin ƙungiyarsu ta masu sha'awar jiragen ƙasa na wasa a wani zaure. Suna tambayata layin da ya isa Kano a 1911, da reshen da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda. Kan jirgi na biyu ma ya tashi. Na ukun tayarsa ta tsage, muna jiran baje kolin masu irin wannan sha'awa ko za mu dace da wata a teburin 'yan gwanjo.